Tawadar Malam Abdulmumini

Sufeto Sa'adu bai kai ga kurɓar shayinsa na biyu ba Malama Hadizatu ta yi sallama a ƙofar komisariya, ofishin 'yan sandan Dakoro. Safiyar Litinin ce cikin kaka, lokacin da ƙarar da ake kawowa ba ta wuce shanu sun shiga gona ko an ɗauke wa wani damin gero. Shi kuwa sufeton mutum ne da ba ya gaggawa da komai. Abokan aikinsa kan ce ko gobara aka kira shi, sai ya tambayi lafiyar iyali tukuna.

Ya san matar. Ita ce shugabar reshen ɗakin karatu da jami'a ta buɗe a garin, mace mai kamun kai da ba a taɓa jin muryarta daga waje ba. Ran nan mayafinta a karkace yake, ba ta ma sani ba.

"Ina kwana, Malama. Lahiya dai?"

"Da sauƙi dai, Sufeto. An ɗauke muna littahi."

"Ai halin ɗalibai ne. In sun gama jarrabawa su maido."

"Wanga ba na ɗalibai ba ne. Kundin Malam Abdulmumini ne na Korahane. Kuma ba namu ba ne, amana ce."

Sufeto ya ajiye kofin, ya ɗauki hularsa.

A hanya ta ba shi labari. Ɗakin karatun a wani tsohon sito na gero ya fara, da 'yan littattafan noma da kiwo da babban ɗakin karatun jami'a ya turo, don ɗaliban da ke zuwa bincike a yankin makiyaya su sami wurin zama. A hankali aka tara taswirorin rijiyoyi da burtali, da kasakasai na muryoyin tsofaffi suna ba da tarihin garuruwansu. Malaman dabbobi na zuwa, 'yan lakwal, wato makarantar boko, na zuwa, har manoma kan leƙo a duba musu maganin tsutsar gero. Daga baya aka ƙaro sabon aiki: a karɓo tsofaffin littattafan rubutun hannu daga gidajen malamai, a ɗauki hoton kowane falle, a mayar wa masu su.

Nan ne wuyar take. Ba wanda ya yarda ya ba gwamnati littafin kakansa. Hadizatu ta yi ta zarya zuwa Korahane wurin Malam Alhusaini, jikan mai kundin, yana ba ta fura yana sallamarta hannu biyu. Sai ranar da ya gane ita 'yar Malam Amiru ce, abokin karatunsa da ya rasu, sannan ya shiga ɗaka ya fito da gafakar.

"Ce min ya yi, 'Ban ba jami'a ba, ɗiyar Amiru na ba,'" in ji ta. "Da anka ji ya bayar, sai mutanen Rumbu da na Azagor sunka kawo nasu. Ran Juma'a in ya ci kasuwa zai biyo shi amsa. In na ce mishi babu, kowa zai kwashe nashi, ɗakin ya mutu ke nan. Wannan ma da sauƙi. Sunan mahaihina na jingina, Sufeto."

Maganar ta zauna wa sufeto a rai. Shi ma maraya ne, ya san nauyin sunan uba.

Ɗakin ajiyar yana can ƙuryar ginin, ba taga, sanyi kamar cikin randa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba. A babban ɗaki na'urar ɗaukar hoto na nan kan ƙafafunta, odinata biyu, wato kwamfutoci, na nan lulluɓe da ƙyalle. Ɓarawon da ya tsallake waɗannan ya je ya ɗauki tsohuwar takarda, lalle ba yunwa ce ta aiko shi ba.

Littattafan aro kowanne yana cikin kwali mai ruwan toka, duka iri ɗaya, ba komai a jikinsu sai lamba. An ɗaure kowane kwali da zare, an liƙa takarda mai kan sarki a kan ƙullin, yadda ba za a buɗe ba tare da an yaga ta ba. Kwalin kundin ne kaɗai aka yaga, yana zaune a gurbinsa wayam.

"Wa ke da makulli?"

"Ni. Na biyun kuma shina rataye cikin biro, ofishina ke nan, don in na yi tahiya. Maigadi na buɗe biro shi yi shara."

Sufeto ya bi kantocin da ido daga ƙasa zuwa sama. Can a ƙololuwa, inda ba a jera komai, ga wani kwali shi kaɗai, an shimfiɗa masa farin ƙyalle.

"Wancan fa?"

Hadizatu ta ɗaga kai, ta yi turus. "Ba nan ne wurinshi ba. Kantar ƙasa yake, ƙarƙashin kundin." Ta karanta lambar. "Alƙur'ani ne na wani gida a Azagor."

"Ku kan ajiye Alƙur'ani ƙasa, wasu littattahai bisa?"

"Lamba muke bi, Sufeto. Abin da ya riga zuwa shi ke riga samun wuri. Masu kawo ziyara sun sha yi min hwaɗa a kai, Baba maigadi ma kullum sai ya yi."

Sufeto ya yi ɗan murmushi. Ya daɗe yana aiki, amma bai taɓa cin karo da ɓarawon da ya tsaya gyara wa Alƙur'ani wurin zama kafin ya yi sata ba.

Mai ɗaukar hoton, Abdurrazak, yana zaune gaban odinata. Matashi ne siriri mai tabarau, ya yi karatun allo wurin mahaifinsa kafin ya yi jami'a, don haka shi ke karanta littattafan ya ba su lamba. Ya miƙe ya gaida sufeto da ladabi.

"Yaushe rabonka da kundin?"

"Ran Alhamis, ranka shi daɗe. Na gama ɗaukar shi duka, Malama ta ɗaure kwalin a gabana."

"Jiya Lahadi kana ina?"

"Rumbu, gidan surukaina."

"Mi ke cikin kundin?"

"Addu'o'i, da magunguna, da ɗan tarihin rijiyoyi a gehe." Ya juyo da fuskar odinatar. "Ga shi nan duka. In don abin da ke ciki ne, ko wasali bai ɓata ba."

Rubutu ne baƙi siɗik, mai kauri, an yi masa ado da ja nan da can. Sufeto ya yaba kyan hoton, ya fita.

A baranda ya tambayi Hadizatu halin yaron.

"Ba ni da kamar shi," in ji ta. "Ka ga kundin nan ma, layinshi bai zo ba, shi ya matsa a ɗauke shi da wuri don Malam tsoho ne, kada a riƙe mishi abu. Ga shi kuma da jinya a gida. Ɗiyarshi Haula tun zazzaɓin damina ƙahwahunta sunka ƙi ɗaukarta. Sun je likita har Maraɗi, shiru. Duk da haka bai taɓa hwashin aiki ba."

"Allah shi ba ta lahiya," in ji sufeto.

Maigadin, Baba Mahamman, yana ƙarƙashin aduwar da ke bakin ƙofa yana gyara carbi. Dattijo ne mai yawan rantsuwa, irin waɗanda ko sunansu ka tambaya sai sun ce wallahi.

"Baba, jiya ka je wani wuri?"

"Ni? Wallahi ko nan da can. Nan na wuni kamar an dasa ni."

"Wa ya shigo?"

"Ko ƙuda."

Sufeto ya zauna kusa da shi, ya yi ta kallon hannuwansa. Ƙaiƙayin gero ya yi musu ja, ga sabon yankan magirbi a babban yatsa.

"Gero ya yi kyau bana, Baba?"

"Alhamdu lillahi, zangarniya kamar…" Sai ya sunkuyar da kai.

"Dami nawa ka ɗaure jiya?"

"Ranka shi daɗe, tsuntsaye ne za su gama min gona. Da hantsi na tahi, kahin la'asar na komo. Ƙohwar waje kawai na jawo, ban sa kwaɗo ba. Don Allah kada Malama ta ji."

"Da ka komo, ba abin da ka gani?"

Tsohon ya yi tunani. "Sai dai butata. Cike na bar ta, na iske ta rabi, kuma ga danshin alwala can bayan ɗaki. Na ce wani mai wucewa ne salla ta kama."

Sufeto ya zaga bayan ɗakin. Danshin ya daɗe da bushewa, sai ɗan ramin da ruwa ya yi a yashi. Wato mutumin alwala ya yi kafin ya taɓa littafi. Ya koma komisariya yana juya abin a ransa, bai ga inda zai kama ba tukuna.

Suna ɗaya kowa ke ambata a gari: Alhaji Cindo, mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Najeriya. An san yana sayen tsofaffin takubba da sirdi da littattafai yana kai wa wasu masu tara kayan tarihi, kuma an gan shi a ɗakin karatu ba sau ɗaya ba. Sai dai Alhaji yana kan hanya da motocinsa. Wani ɗan sanda ya ba da shawara a bi shi Maraɗi. Sufeto ya ce mai gero a sito ba ya gudu, a bari ya dawo. Haka Talata ta wuce, Laraba ta bi ta, Hadizatu na leƙowa komisariya kullum da safe tana komawa ba labari, idanunta na ƙara faɗawa.

Ran Alhamis da yamma Alhaji ya sauka. Sufeto ya same shi a ƙofar sito ana sauke buhuna, ya baje kan kujera yana fifita da hula.

"Alhaji, barka da hanya. Ka san ɗakin karatu?"

"Ni da ko lakwal ban yi ba? Mi zai kai ni?"

"An ce ka taya wani littahi can, Malama ta kore ka."

Alhaji ya tuntsire da dariya har tumbinsa na rawa. "To, tunda ka sani. Na taya, ba ta sayar ba, ciniki ya mutu. Laihi ne?"

"An sace kundin Korahane."

Dariyar ta tsaya. "Wanne? Na Malam Abdulmumini? Haba, Sufeto, ka raina min sana'a. Wanda na taya na kusa da shi, mai ruwan zinari a gehe. Wancan baƙin kundin, duk gara ta ci bakinshi, masu saye ko kallo bai ishe su ba. In ni ne ɓarawon, zan bar doki in ɗauki jaki?"

"To wa zai so shi?"

"Mai ciwo." Alhaji ya rage murya. "Kai baƙo ne a ƙasar nan. Kakata ta sha ba mu labari, zamanin Malam Abdulmumini har daga Azagor ake ɗauko guragu bisa raƙumi a kawo mishi. Shi yi rubutu a wanke a sha. Mutane na cewa albarkar a hannunshi take, duk abin da alƙalaminshi ya taɓa magani ne. Wanda ya ɗauki kundin nan ba sayarwa zai yi ba."

Nan take sufeto ya gane hatsarin. Tawadar mutanen da can ta gawayi da ƙaro ce, ruwa kaɗan ya ishe ta. Duk kwanakin nan yana neman littafin da yake zaton an ɓoye, ashe mai yiwuwa littafin da ake cinyewa ne.

Washegari Juma'a, tun garin bai gama cika da amalanke da raƙuman 'yan kasuwa ba, sufeto ya isa ɗakin karatu. Wannan karon da sauri ya zo, har maigadi ya yi mamaki. Ya ja tsohon zuwa ɗakin ajiya, Hadizatu na biye.

"Baba, an ce kana hwaɗa a kan ana aje Alƙur'ani ƙasa."

"Wallahi ina yi. Bai kamata ba."

"To akwai wani Alƙur'anin cikin kwalayen nan. Nuna min shi."

Baba Mahamman ya dubi kwalayen, duka fuska ɗaya kamar ƙwan zabi. "Ranka shi daɗe, sai dai a buɗe min. Ni ina na san ciki?"

Sufeto ya sauko da kwalin da aka ɗaga sama, ya nuna wa Hadizatu ƙullin. Takardar kan sarkin na nan lafiya, ba a yaga ba.

"Wanda ya ɗaga wanga bai buɗe shi ba, Malama. Lambar kawai ya gani ya san Alƙur'ani ne. Mutum nawa ne a Dakoro za su iya haka?"

Hadizatu ta kafa wa lambar ido. Ta dafa kanta.

"Ni," in ji ta a hankali. "Da wanda ya ba su lambar."

"Ina yake?"

"Ya ce zai makara yau. Jikin yarinyar."

Gidan Abdurrazak na bayan tashar mota, ƙaramin gida mai zaure ɗaya. Sufeto ya yi sallama, ya jira. Da matashin ya fito, hannun rigarsa a naɗe yake, gefen farcensa baƙi. Ya ga sufeto, ya mayar da hannuwan baya. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

"Ina kwana, Malam Abdurrazak. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

"Mu zauna."

Suka zauna a tabarmar zaure. Daga cikin gida ana jin muryar mace tana lallashin yarinya ta ƙara kurɓa ɗaya.

"Ran Lahadi ka ce kana Rumbu. In aika a tambayi surukanka?"

Abdurrazak ya kafa wa tabarmar ido.

"Kullum kai ke jera kwalayen nan bisa lamba, ba ka taɓa cewa komai ba. Amma ran nan kai kaɗai ne, da alwala, kuma ka san abin da za ka yi ba daidai ba ne. Ka duƙa za ka ɗauki kundin, ka ga Alƙur'ani a ƙasa. Ilimin jami'a ya ce ka bar shi, hannun da mahaihinka ya horar ya ƙi. Ko ba haka anka yi ba?"

Abdurrazak ya cire tabarau ya riƙe. Hawaye ya zubo masa ba tare da ya yi sauti ba.

"Haka anka yi."

"Ina kundin?"

Ya tashi ya shiga, ya fito rungume da gafaka. A ɗaya hannun yana riƙe da faifai, a kansa fallayen takarda biyar, sun yi fari-fari sun kakkantare, ba abin da ya rage a jikinsu sai inuwar layuka. Na saman da sauran danshi.

"Ɗaya kowace sahiya," in ji shi. "Babin ciwon ƙahwa. Matata Amatullah ba ta san daga ina ba, ce mata na yi wani malami ya ba ni. Kada a taɓa ta, don Allah."

Sufeto ya daɗe yana kallon faifan. Na Litinin ya riga ya tafi kafin a kawo ƙara, wannan ba laifinsa ba ne. Uku kuwa, yana zaune a komisariya yana jiran Alhaji Cindo aka wanke su, na yau kuma ya kwana da labari bai motsa ba. Ya ji kunya ta kama shi, irin wadda bai saba ji ba, kuma bai nemi ya kore ta ba.

"Ta samu sauƙi?" ya tambaya.

Abdurrazak ya girgiza kai.

Kafin su iso ɗakin karatu Malam Alhusaini ya riga su. Tsoho ne ɗan ƙarami mai farin rawani, yana zaune a kujerar baƙi da kofin ruwa a hannu. Hadizatu na durƙushe gabansa. Ba ta jira dawowar sufeto ba, ta riga ta faɗa masa komai da bakinta. A baranda kuwa mutanen Rumbu da na Azagor da suka zo cin kasuwa sun taru, don labari ya riga ya zaga. Kowa na jira ya ga abin da tsohon zai yi, shi ma ya yi.

Sufeto ya ajiye gafakar da faifan a kan tebur. Malam ya yi bismilla, ya kwance igiyar, ya bi fallayen da yatsa har ya zo inda suka yanke. Sannan ya ɗauki fararen ɗaya bayan ɗaya, ya kai kusa da idonsa.

Abdurrazak ya zube ƙasa. "Malam, ni ne. Ɗiyata ce ba ta tahiya. Na ji abin da ake hwaɗi a kan hannun kakanku. Na ce tunda na ɗauki hoton komai, karatun ya tsira, takardar ta gama aikinta. Ga shi can cikin odinata, ko wasali…"

"Nuna min."

Aka juyo masa fuskar na'urar. Rubutun ya fito baƙi, ya fi na takardar ma girma. Tsohon ya miƙa yatsa ya taɓa gilashin, ya janye.

"Na gani. Shi ne. Amma wanga alƙalaminshi bai taɓa shi ba." Ya juyo ga matashin. "Kai ma ka san haka, yaro. Da hoto da takarda ɗaya ne a wurinka, da hoton ka wanke."

Tsohon ya ƙare masa kallo.

"Ɗan wa kake?"

Abdurrazak ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Mai makaranta? To bai gaya maka ba a wanke uwar littahi ba? A gidanmu tun zamanin mai kundin, a allo ake kwahewa, allon ake wankewa. Shi kanshi bai taɓa jiƙa takarda ba. Don haka kundin ya kawo yau, ya ishi na gaba ya ishi na baya." Ya shafa fararen fallayen. "Abin da ke hwallayen nan shina kaina, ina iya maido shi. Hannun ne ba ya dawowa. Korahane ba nisa. Da ka zo ka yi sallama, da na rubuta mata, ko goro ba na amsa."

Ya mayar da fararen fallayen gurbinsu a tsakiyar kundin, ya daidaita bakinsu, ya ɗaure gafakar. Hadizatu ta runtse ido. A baranda wani Ba'azagore ya gyara takobinsa ya matso kusa da ƙofa, alamar shi ma zai nemi nasa.

Sufeto ya dafa kafaɗar Abdurrazak. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, ya san da haka, kuma tausayin yaron ya cika masa ciki. Amma sata sata ce, ga kuma ɓarna a kan kayan amana.

"Tashi mu je."

Bai sa masa ankwa ba. Sun kai bakin ƙofa ke nan tsohon ya yi magana.

"Dakata, Sufeto. Yaro, mi sunan yarinyar?"

"Haula."

"Sunan uwarta?"

Abdurrazak ya juyo. Duk wanda ya yi karatun allo ya san dalilin da malami ke tambayar sunan mara lafiya da na uwarsa. Ya yi ƙoƙarin faɗa, kuka ya ci ƙarfinsa, sai sufeto ne ya amsa masa.

"Amatullah."

Malam Alhusaini ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ɗauki gafakar da hannu biyu, ya miƙa wa Hadizatu a gaban kowa.

"Ɗiyar Amiru, riƙe min. Ba na yawo da shi cikin kasuwa. Sa a samo min allo da tawada, a kuma nuna min gidan."

Hadizatu ta karɓa ta rungume. Ba'azagoren ya dubi tsohon, ya dubi gafakar, ya koma inda yake tsaye, can kuma ya ce shi bari ya je kada a sayar da raƙuminsa ba ya nan. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi shi, ba wanda ya tambayi kwalinsa.

Sufeto Sa'adu ya bi ta hanyar bayan gari da mai laifinsa, don kada ya ratsa da shi cikin kasuwa. Da suka zo mararrabar tasha, Abdurrazak ya tsaya ya waiwaya. Can nesa ga farin rawani yana tafe a hankali, Baba Mahamman na gaba riƙe da allo, sun nufi ƙofar gidansa. Sufeto ya bar shi ya kalla har suka yi sallama aka amsa, sannan ya taɓa masa hannu suka wuce.